Amsa: Vandercook na fitar da gefe ɗaya a dushe

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce injin ɗab'inka, Vandercook SP15, na fitar da gefen hagu na takarda a dushe, dama kuwa baƙi ƙirin, har kana shirin ƙara tawada. Don Allah dakata, ƙarin tawada cike cikin haruffa kawai zai yi.

Fara da rololin roba masu shafa wa haruffa tawada. Tsayin harafin dalma inci 0.918 ne, kuma a nan ya kamata rola ta tsaya. Zura ma'aunin rola, wato ɗan ƙarfen da tsayinsa ya yi daidai da na harafi, a ƙarƙashin kowace rola, hagu da dama, ka duba layin tawadar da ya fito a jikinsa. Faɗinsa ya zo ɗaya a duk gefen, siriri. In hagu bai taɓa ba, sauko da wannan gefen rolar kaɗan-kaɗan, ka sake gwadawa.

In hakan bai yi ba, shafa robar da yatsa. Wadda ta tsufa za ka ji ta taurare tana sheƙi, ko bakinta ya kumbura. Wannan sai dai a sake mata roba.

Sannan ka goge dogayen ƙarafunan da silinda, wato gangar da ke danna takarda a kan haruffa, ke gangarawa a kai, tas, da tsumma da ɗan kananzir. Busasshiyar tawada ko guntun takarda a wurin na ɗaga gefe ɗaya. Takardun da ke naɗe a silinda ma, in sun lotsa, canza su.