Amsar Baffa kan maganar baiwar magani

Wa alaikumus salam ɗana. Na ji saƙon muryarka tun daren Talata, sau uku na saurara, abin da ya hana ni amsawa maganar ba ta tsaye ba ce, sai na ga gara in zauna in rubuta maka ka ajiye ka riƙa komawa kai. Zai yi tsawo, ka yi haƙuri.

In na fahimce ka, ka ce sau biyu kana mafarkin marigayi Malam kakanku yana miƙo maka jakarsa ta fata da yake zuba tsummokin ɗori, kuma a makaranta in wani na ciwon kai ko haƙori kai ake nema ka yi tofi kuma suna cewa sun ji sauƙi, sannan wata mata a unguwarku ta faɗa ma mamarka wai iskokin gado ne ke nemanka, in ba a yi maka girka ba za su kwantar da kai. Shine kake tambaya da can ta yaya ake gane wanda Allah ya ba baiwar taimakon marasa lafiya, kuma kai ma ko an ba ka ne.

Toh wallahi na ji daɗi da ka tambaya kafin ka yi komai, don yaran yanzu mafarki ɗaya ya ishe su su buɗe shafi a TikTok su sa rawani. Kuma zuciyar nan taka da ba ta iya ganin mutum cikin wahala ta wuce, na santa tun kana ƙarami, ba yau ta fara ba.

A yadda muka taso, magani gida-gida ne. Wanda wuta ta ƙona gidan maƙera ake kai shi, wanda ƙayar kifi ta maƙale ma a wuya sai gidan masunta, ƙaho da kaciya da cire beli na wanzamai ne, haihuwa ta ungozoma ce, rubutun sha da tofi na malamai, mu kuma gidanmu ɗori. Amma ka lura, gado ne eh, sai dai ba duk ɗan gidan ne ke ɗauka ba. Mu tara Malam ya haifa, mutum ɗaya ya ba izini, Baffanka ƙarami da ke gida yanzu. Kuma ban taɓa jin wani a zuriyarmu ya tashi da safe ya ce jama'a an ba ni ba. Manya ne ke zura ido shekara da shekaru, su ne za su ce wane hannunsa na da albarka, shi mai hannun sau da yawa shine na ƙarshen sani.

Bari in ba ka labarin kaina, ban taɓa faɗa ma wani cikinku ba. Lokacin ina shekara 19, muna cikin jihar Bauchi tukunna don sai 1996 aka yanke Gombe, ni ne babban almajirin Malam a ɗori, ni ke fere kara, ni ke riƙe ƙafa in zai ja, na san targaɗe na san gocewa na san karaya da taɓawa kawai, kowa a garin ya ɗauka ni ne magaji, ni ma haka na ɗauka. Ran nan Malam ya tafi cin kasuwar Kumo zai kwana, sai ga wata baiwar Allah daga ruga da yaronta ɗan shekara bakwai ko takwas, ya faɗo daga bishiyar mangwaro ya karye a saman gwiwar hannu. Maimakon in ce su jira ko su wuce asibiti sai na ce ai abu ne mai sauƙi. Na ja na daidaita na shafa man shanu na jera kara na ɗaure tamau, har ina jin daɗin yadda ɗaurin ya yi kyau. Yaron nan kwana ya yi yana ihu a zaurenmu, uwar ta zo ta buga min ƙofa sau biyu, ina ce mata haka ɗori yake, ya yi haƙuri. Da hantsi Malam ya dawo, ko buta bai ajiye ba ya durƙusa ya kama yatsun yaron, sun kumbura sun yi sanyi farcen ya koma shuɗi-shuɗi, ya ce ya motsa, ya kasa. Nan take ya zaro aska ya yanke ɗaurin nan nawa, ya sa aka nemo mota, da kuɗin aljihunsa aka kai yaron asibiti a Gombe. Allah ya taimaka ba a yanke hannun ba amma yatsun sun ƙandare har yau, mutumin yana nan da ransa da iyalinsa, in na gan shi a kasuwa yana karɓar canji da hagu sai in ji gabana ya faɗi.

Malam bai dake ni ba, ko tsawa bai min ba. Bayan isha'i ya kira ni ya ce hannunka ya iya, kunnenka ne bai iya ba, yaro ya kwana yana faɗa maka ɗaurin ya yi tsauri kai kana sauraron kanka. Daga ranar ban sake ɗora kowa ba, na koma karatu na zama malamin makaranta. Shi kuwa ƙanen namu da ba wanda ke kallo, shine mai kwashe fo ɗin majinyata, shi ke juya tsoho mai karayar cinya cikin dare don kar bayansa ya yi gyambo, in majinyaci ya yi nishi shi ke fara farkawa. Ashe duk Malam yana gani. Ya fi shekara goma a haka kafin Malam ya tara mu ya damƙa mishi jakar nan da ka gani a mafarki.

Shi ya sa in ka tambaye ni alama, ni ba a mafarki nake nemanta ba. Ba wai na raina mafarkin ba ne, Annabi SAW ya ce mafarki na gari yanki ne daga yanki 46 na annabta, amma shi ɗin dai ya ce mafarki iri uku ne, akwai na bushara daga Allah, akwai na tsoratarwa daga shaiɗan, akwai wanda zancen zuci ne kawai. Kai ka taso kana jin labarin kakanka, kana son shi, ka ga jakar nan rataye a ɗakin Baffanka, ba abin mamaki ba ne ka gan ta cikin barci. Yana iya zama bushara, ina ma fatan ita ce, amma bushara ba izini ba ce, ba ta koya maka inda jijiya ta bi. Ka daina yawo da shi bakin mutane, mafarki mai kyau masoyi kawai ake faɗa ma. Ka yi istihara ka ci gaba da harkarka.

Maganar tofi kuma, wannan alheri ne kar ka bari. Sahabbai sun karanta Fatiha ga wani shugaban ƙauyen Larabawa da kunama ta harba ya tashi, aka ba su tumaki, Annabi ya amince musu. Da aka tambaye shi kan tofin da mutane suka gada ya ce ku kawo min in ji, babu laifi matuƙar ba shirka a ciki, ya kuma ce wanda zai iya amfanar ɗan uwansa ya yi. Kaga ƙofar nan a buɗe take ga kowane musulmi, ba sai an ce kana da wata baiwa ta daban ba. Sai dai ka kula da wani abu da ke ruɗar masu farawa. Ciwon kai da yawa in an bar shi zai tafi da kansa, mutum ya sha ruwa ya yi barci ya tashi garau, in ka yi tofi a tsakani sai a ce kai ne. Waɗanda suka ji sauƙi za su dawo su faɗa maka, wanda bai ji ba kunya za ta hana shi, sai ka wayi gari kana ƙirga nasara kaɗai. Malam har ya koma ga Allah ban ji ya ce na warkar da wane ba, cewa yake ni na ɗora Allah ya haɗa, kuma ayar da ya fi maimaita mana ita ce maganar Annabi Ibrahim, idan na yi rashin lafiya Shi ne ke warkar da ni.

Sai batun matar nan da girka. Gaskiya ne a al'adar bori haka kira yake zuwa, mutum zai kamu da ciwon da ya ƙi jin magani, ko ya riƙa faɗuwa ko firgita, sai 'yan bori su ce iska ce ke son shi, a killace shi kwanaki ana turare ana jiƙo ana kaɗa garaya ko goge har iskar ta bayyana kanta, daga nan ya zama dokinta, mace kuma goɗiya, shi ma ya fara ba da magani. Na ga ana yi ina yaro, kuma mafi yawan waɗanda na ga an yi ma mata ne da baƙin ciki ya ci, wadda 'ya'yanta ke mutuwa, wadda aka yi ma auren dole, ban taɓa iya zaginsu ba don na san abin da ya kai su. Amma hanyar ba tamu ba ce, akwai yanka don wanin Allah a ciki kuma ka san hukuncinsa. Gidanmu ba mu da iskokin gado, abin da muka gada kara ne da tsumma da Fatiha. Ka ce ma mamarka ta kwantar da hankalinta, kar ta ba kowa ko sisi. Duk wanda ya fara da tsorata ka, in ba ka yi kaza ba za ka haukace, a ƙarshen maganarsa akwai kuɗi.

Amma dan Allah ka faɗa min gaskiya tsakanina da kai, kana barci sosai? Kana jin wata murya na maka magana alhali ba kowa? Kana jin kaman an aiko ka ka ceci duniya, ko tunani na gudu ya hana ka karatu? In akwai ko ɗaya ka kira ni yau, ni da kaina zan raka ka wajen likitan ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na tarayya da ke nan Gombe, ba abin kunya ba ne, ciwo ne kaman hawan jini kuma yana jin magani in an tare shi da wuri. In babu, alhamdulillahi.

Abin da na fi so ka riƙe shine mai baiwar gaskiya ya san inda hannunsa ya tsaya. Malam in aka kawo karayar da ƙashi ya huda fata, ko ta baya, ko ta kai, ba ya taɓawa, addu'a zai yi ya ce ku yi gaba. Baffanka yanzu ba ya ɗora babbar karaya sai an kawo mishi hoton ƙashi. Dubi saran kububuwa da ya addabi mutanenmu na Kaltungo da Billiri da Balanga lokacin noma da girbi, dafinta hana jini daskarewa yake, mutum zai yini kaman lafiya lau yana hira, can sai jini ya fara fita ta dasashi da fitsari, wani ya zuba a cikin kai. Wanda ya riƙe irin wannan a zaure yana tsaga yana shafa gari, alhali ga asibitin saran maciji a Kaltungo da allurar kashe dafin, me zai ce ma Allah? Wani macijin kuma ya sara bai zuba dafi ba, mutum ya tashi, mai magani ya samu suna, na gaba ya mutu a hannunsa a ce kwana ne ya ƙare. Haka zazzaɓin Lassa da ke tashi da rani, maƙwabtanmu Bauchi na cikin jihohin da ya fi kamawa tare da Ondo da Edo, kai ka zauna kana shafa mai zazzaɓi kana taɓa amansa, ka ɗauka ka kai ma 'yan ɗakinku. Annabi SAW ya ce wanda ya yi ma mutane magani alhali ba a san shi da ilimin magani ba to shi ke da alhakin abin da ya faru. Ni na san nauyin hadisin nan a jikina.

Kuma kar wani ya ce maka karatu da baiwa ba sa haɗuwa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da ya rasu a 1837, duk da mulki da yaƙi a kansa, ya zauna ya yi rubuce-rubuce kan magani har da na ciwon ido da basir, bai ce shi ɗan Shehu ne tofi ya ishe shi ba. In ka gama abin da kake yi ka ji zuciyarka na nan dai kan majinyata, ga kwalejin kiwon lafiya a Kaltungo, ga ta Ningi, ga makarantar koyon jinya a cikin Gombe, ni zan tsaya maka da abin da Allah ya hore. Gidanmu a ce an samu wanda ya san kara kuma ya san karanta hoton ƙashi, Malam da yana raye da ya fi kowa murna.

Yanzu ga abin da nake so. In kun samu hutu ka tattara kayanka ka tafi gida wajen Baffanka, na riga na mishi waya amma ban faɗa mishi mafarkin ba, kai ma kar ka faɗa. Akwai wani dattijo kwance a zauren da karayar cinya, zai kai wata biyu a wajen. Kai za ka riƙa ɗebo mishi ruwa, ka kwashe fo, ka juya shi cikin dare, ka wanke tsumma, ba za ka taɓa ɗori ba ko an ce ka taɓa. In hutun ya ƙare ka biyo ta nan ka kwana biyu mu zauna, ka faɗa min yadda ka ji a daren da ya tashe ka sau huɗu, ni kuma in ji ta bakin Baffanka. Ka taho da bargo, zauren akwai sanyi da asuba. Ka gaida mamarka da ƙannenka.