Amsa: Layi nawa zan ja a sirinji idan likita ya rubuta 0.25 mg?

'Yar'uwa, kin ce semaglutide ɗinki, wato maganin allura na ciwon sukari da rage ƙiba, a kwalba yake, likita ya rubuta 0.25 mg, sirinjin kuma yunit ne a jikinsa, kina tambayar layi nawa za ki ja. Kada ki yi allurar tukuna, kuma kada ki bi adadin da wata ta ce ita take ja. Ki kai kwalbar da sirinjin wurin likitan ko mai harhaɗa magani, ya nuna miki layin da yatsa, ki ja a gabansa, ya rubuta miki a takarda.

Dalili shi ne ƙarfin maganin ya bambanta daga kwalba zuwa kwalba. Idan an rubuta 2.5 mg a kowace mililita, 0.25 mg yunit 10 ne a sirinjin insulin mai U-100, wato mai yunit 100 a kowace mililita; idan 5 mg ne a mililita, yunit 5 kacal. A 2024 hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa wasu sun yi wa kansu ninki 5 zuwa 20 na adadin da ya kamata saboda irin wannan ruɗani. Wata ƙanwata ta ja 50 a maimakon 5, kwana uku tana amai, sai da aka ƙara mata ruwa, wallahi na tsorata. Maganin yakan ɗauki kusan mako kafin rabinsa ya bar jiki, shi ya sa wahalar ba ta wucewa da wuri. Sau ɗaya a mako ake yi, kuma ba a ƙara adadin sai bayan mako 4, da izinin likita.