Zuwa ga ɗana mai shirin tafiya Greensboro ta ƙasar Amurka

Assalamu alaikum ɗana. Saƙonka ya iso, na kuma yi murna da jin cewa takardun makarantar sun fito. Allah ya sa albarka. Ka tambaye ni abu biyu: wai da gaske ne a can ba a zuwa gidan mutum sai an nemi izini, ko da maƙwabci ne, sannan me ya sa makarantarka take Greensboro amma wanda zai sauke ka yake High Point. To ai tambayar ɗaya ce, kai ne ka raba ta biyu.

Ka cire Kano daga ranka tukuna. Mu in an ce gari, abin da ke zuwa mana shi ne ganuwa da ƙofofi, gida jikin gida, ka leƙo zaure ka ga mutum goma. Can shimfiɗe garin yake kamar an watsa gero a tabarma. A ƙidayar 2020 mutanen cikin Greensboro 299,035 ne, shi ne na uku a jihar Carolina ta Arewa bayan Charlotte da Raleigh, amma filin da suka mamaye ya haura murabba'in kilomita 300. In aka haɗa da kewaye, wato gundumomin Guilford da Randolph da Rockingham, sai adadin ya kai kusan dubu 776. High Point na ciki, da mutanenta kimanin dubu 114. Ga kuma Winston-Salem daga yamma, mai kusan dubu 250. Garuruwan nan uku kamar duwatsun murhu suke, mutum ya kwana a ɗaya, ya yi aiki a na biyu, ya je Juma'a a na uku, bai kuma ɗauka ya yi tafiya ba. Daga masaukinka zuwa makaranta rabin awa ce a mota. Da ƙafa kuwa kada ma ka fara.

Ƙasar tudu da gangare ce, jar ƙasa mai danƙo, itatuwa ko'ina, tsakanin duwatsu a yamma da teku a gabas. Taba da masaƙu da kayan ɗaki ne suka tara mutanen tun asali: taba a Winston-Salem, yadin jins a Greensboro, gadaje da kujeru a High Point, inda har yau ake cin babbar kasuwarsu sau biyu a shekara. Masaƙun sun mutu ɗaya bayan ɗaya, babbar ta jins ɗin ma an rufe ta a 2017. Yanzu da yawa daga cikin mutanenmu a ɗakunan ajiyar kaya suke aiki, ko tuƙi, wani da rana wani da dare.

Daga nan al'adar da kake tambaya ta samo tushe. Sabon zuwana garin, wata Asabar da hantsi na ce bari in je in gaida wani dattijo ɗan Maraɗi da aka haɗa ni da shi. Ban kira ba, don a ganina kiran ma rashin kunya ne, kamar ina sanar da shi ya dafa mini abinci. Na yi ta danna ƙararrawa. Can sai ga shi ya fito ido jajur, ashe ƙarfe bakwai na safe ya taso daga aiki. Ya karɓe ni, ya kawo shayi, yana hira yana gyangyaɗi, kofin na karkacewa a hannunsa. Ni na ji kunya, ba shi ba. Saboda haka ka kira, ko ka tura saƙo, ka faɗi lokaci, ka kuma cika shi. Shi kansa suna, ranar bakwai ɗin mutum huɗu ko biyar ake raɗawa da su, taron sai a kai shi Asabar ko Lahadi. Akwai mutanen Nijar da yawa a garin, Zabarmawa da Hausawa, kuma a irin wannan taro za ka san su, ba a bakin titi ba.

Gidan Ba'amurke kuwa, kada ka shiga harabarsa da dare ba da saninsa ba. Akwai masu bindiga a gida, kuma baƙon dare tsoro yake ba su. Wannan ba wasa nake maka ba.

Amma kada ka ɗauka marasa gaisuwa ne. Mutanen jihohin kudu na Amurka, inda Greensboro take, sun fi na New York sakin fuska nesa ba kusa ba. Maƙwabci zai ɗaga maka hannu daga mota, tsohuwa ta tsayar da kai a kanti ta tambaye ka cocin da kake zuwa. Ba tsokana ba ce, kamar mu ce “ɗan wace unguwa ne kai?” Ka ce mata kai Musulmi ne, hira ta ci gaba. In ka ga jerin motoci da fitilu a kunne da rana tsaka, gawa aka ɗauko, za ka ga wasu direbobi sun ratse gefe har ta wuce. Wannan ya burge ni ƙwarai. Sai dai gasasshen naman da suke alfahari da shi na alade ne, ka tambaya kafin ka sa hannu.

Kimanin huɗu cikin goma na mutanen garin baƙaƙen fata ne, kuma tarihinsu a fili yake. Ranar 1 ga Fabrairun 1960 ɗalibai huɗu daga kwalejin A&T ta garin (yanzu jami'a ce) suka yi zaman dirshan a teburin cin abinci na kantin Woolworth, inda ba a sayar wa baƙar fata abinci a zaune. Ginin yanzu gidan tarihi ne a titin Elm. Ka je ka gani kafin karatu ya yi zafi.

Ka sayi rigar sanyi mai kauri in ka isa, ta Kano ba za ta yi maka ba. Ka fara neman lasin tuƙi tun watan farko. Ka gaida mahaifiyarka, ka ce mata yajin da take son haɗa maka ya zama busasshe, kilishi kuma kada ta saka, a filin jirgi za a ƙwace.