Digiri na biyu a fasahar sadarwa a Jamus: ta ina za a fara?

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka ce ka gama digirin farko a kimiyyar kwamfuta, ka yi bautar ƙasa, yanzu kana son digiri na biyu a fasahar sadarwa a Jamus don ka ji karatu kyauta ne, amma ba ka san ta inda za ka ɓullo wa abin ba. Can na yi nawa, ga abin da na gani.

Kafin ka nemi fasfo ma, ɗauko takardar sakamakonka, wadda ta jero darussa ɗaya bayan ɗaya. Mutanenmu sun ɗauka daraja ta ɗaya ko ta biyu ce ke buɗe ƙofa. Tana taimakawa, amma masu tantancewa abin da suke ƙirgawa shi ne me ka karanta: lissafi nawa, nazarin algoridim nawa, hanyoyin sadarwa nawa. Wasu jami'o'in har jadawali za su ba ka, gefe guda darasin da suke buƙata, ɗaya gefen ka rubuta naka da ya yi daidai da shi, ka haɗa da bayanin abin da aka koyar a ciki. Gurbin da ya zauna wayam shi ke kayar da mutum. Na san masu sakamako mai kyau ƙwarai da aka mayar saboda lissafinsu bai cika ba. Kuma ka buɗe kundin darussan kowane kwas ka karanta, domin da yawa daga masu wannan suna injiniyancin sadarwa ne zalla, sigina da eriya da lissafi mai zafi. In rubuta manhaja ko tsaron intanet kake so, kada sunan kwas ya ruɗe ka.

Karɓo takardar sakamakon daga makarantarka kan ci watanni, kowa ya san halin da ake ciki. Zangon da aka fi shiga a Oktoba yake farawa, wasu jami'o'in kuwa tun Maris ko Mayu suke rufe karɓar takardun 'yan waje, da yawa ta hannun uni-assist, cibiyar da ke tantance wa jami'o'in Jamus takardun 'yan waje, wadda ita ma sai an biya ta. Turanci yawanci maki 6.5 suke nema a jarrabawar IELTS.

Batun kyauta, da gaskiya a ciki amma ba duka ba. Mafi yawan jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin makaranta sai 'yan ɗaruruwan Yuro na hidima kowane zango. Jihar Baden-Württemberg kuwa tun 2017 take karɓar Yuro 1,500 a zango daga waɗanda ba 'yan Tarayyar Turai ba, Jami'ar Fasaha ta Munich ma ta fara caji a 2024. Babban dutsen shi ne biza: sai ka zuba kuɗin zaman shekara guda a asusun da ake kullewa, Yuro 11,904 tun Satumban 2024, ana sakar maka 992 a wata. Juya shi zuwa Naira ka gani. Haya da inshorar lafiya ke cinye mafi yawansa, kuma wanda ya haura shekara 30 ba ya samun rangwamen inshorar ɗalibai. In babu wannan kuɗi, ka mai da hankali kan tallafi. Erasmus Mundus, shirin tallafin karatu na Tarayyar Turai, na ba da Yuro 1,400 a wata kuma za ka yi karatu a ƙasashe biyu ko fiye. DAAD, hukumar musayar ilimi ta Jamus, na da nata, wasu sai mai shekara biyu yana aiki. A gida ma ka riƙa bibiyar sanarwar NITDA (hukumar bunƙasa fasahar sadarwa) da PTDF (asusun bunƙasa fasahar man fetur).

Kwas ɗin yawanci shekara biyu ne, kiredit 120, zangon ƙarshe na kundin bincike. Ba mai bin ka da kiran suna a aji. Sau da yawa jarrabawa ɗaya ce tak a ƙarshen zango, wani lokaci ta baki: kai da farfesa da mai rubuta bayani, a miƙo maka farar takarda a ce zana yadda saƙo ke tafiya daga wannan na'ura zuwa waccan, ka faɗi dalili. Hadda ba ta ceto a nan. A yawancin wurare in ka faɗi darasin dole sau uku, an sallame ka ke nan.

Doka ta ba ɗalibi cikakkun kwanaki 140 na aiki a shekara, kuma masu iya rubuta manhaja kan samu aikin ɗalibai a kamfanoni, har sa'o'i 20 a mako. Sai dai kada ka gina lissafinka a kai a zangon farko. Bayan kammalawa akwai wata 18 na neman aiki, a nan ne Jamusanci ke raba gardama, don haka fara koyonsa tun kana gida ko da kwas ɗin da Turanci ne.

Turo sunayen darussan lissafin da ka yi daga aji ɗaya zuwa huɗu, in duba maka inda za su shiga. Allah Ya sa a dace.