Malam-buɗe-littafi a gaban kyamara: amsoshin tambayoyinku

Tambayoyin wannan karon kusan duk daga ɗaki ɗaya suka fito. Wasu matasanmu na unguwannin Agege da Idi-Araba da Mile 12 a Legas sun shiga ɗaukar hotunan ƙwari da wayoyinsu, har sun fara 'yar gasar hoton malam-buɗe-littafi a tsakaninsu, gardamar alƙalanci kuma ta koma gardamar harshe.

Tambaya, daga Agege: Allah ya gafarta Malam, an fitar da hotona daga gasa, wai abin da na ɗauka da dare a bangon shagonmu ba malam-buɗe-littafi ba ne. Ni kuwa na ga fukafukai, na ga ado. Ashe ba duk ɗaya ba ne?

Ba ɗaya ba ne, ɗana, kuma alƙalan ba su zalunce ka ba. Abin da ka ɗauka faɗa-wuta ne, wanda ke kewaya fitila da dare tun zamanin aci-balbal. Malam-buɗe-littafi ɗan rana ne. In ya sauka yakan haɗe fukafukansa a sama, ya ɗan buɗe, ya rufe, shi ya sa yara ke bin sa suna roƙon ya buɗe musu littafi. Faɗa-wuta kuwa yawanci shimfiɗa nasa yake yi, ko ya lulluɓe bayansa da su. Akwai faɗa-wutan da ke yawo da rana, don haka kada ka dogara da lokaci kaɗai. Dubi 'yan siraran ƙahonin nan biyu na kansa. Na malam suna da ɗan kumburi a ƙarshe, na faɗa-wuta kuwa ko dai sirara ne har ƙarshe, ko masu gashi-gashi.

Tunda an taɓo sunan, ina da magana da alƙalan su ma. Na lura duk hoton da ya ci, na mai buɗaɗɗen fiffike ne, wanda ya rufe kuwa ko kallo na biyu ba ya samu. Wannan son zuciya ne. Ai da a buɗe yake zama, da yara ba su roƙe shi ya buɗe ba. Ƙasan fiffiken, wato ɓangaren da ake gani in ya rufe, shi ne sau da yawa masana ke dubawa su raba wani iri da wani. Akwai wasu ƙanana masu ruwan ƙasa da ke bin inuwar ciyawa, masana na kiran danginsu Bicyclus. Waɗanda suka fito da damina suna da manyan zobba masu kama da ido a ƙasan fiffike, na rani kuwa zobban sun ƙanƙance har da ƙyar ake ganinsu, don su saje da busasshen ganye. Wanda ya ɗauko wannan garau ya nuna mana abin da ba kowa ya sani ba, ya cancanci maki.

Tambaya, daga Obalende: Malam, mene ne jam'in malam-buɗe-littafi?

Ba shi da shi. Ka ce malam-buɗe-littafi guda uku, yadda ba ka yi wa dafa-duka jam'i. "Malamai-buɗe-littattafai" da na ga wani ya rubuta, a daina.

Tambaya, daga Idi-Araba: Malam, an sa ni cikin alƙalai. Na ce hoton wani yaro bai fito ba, sai ya yi fushi wai na kushe shi. Ni kuwa sharhi na yi. Ina bambancin sharhi da suka da kushe?

'Yata, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa: ba ki yi kushe ba, amma ba ki yi sharhi ba. Sharhi daga Larabci muka aro shi, kuma a zauren malamai ma'anarsa buɗe magana, a warware abin da ke dunƙule cikin nassi har ɗalibi ya gane. Mai sharhi dole ya yi bayani. Suka daga soka take, tana da tsini, tana iya zama gaskiya, tana iya zama ƙarya, amma nufinta ta taɓa inda ke da rauni. Kushe kuwa neman aibu ne don a rage wa abu daraja, irin wanda mai saye ke yi wa kaya a kasuwa don a sassauta masa kuɗi. Tsokaci shi ne ɗan taƙaitaccen jan hankali, a faɗa a wuce. "Bai fito ba" hukunci ne da ba a kawo hujjarsa ba, shi ya sa yaron ya ji shi kamar kushe.

Me ya hana shi fita? Wannan ce tambayar da alƙali zai amsa, kuma Hausa ba ta gaza ba. In hoton duka ya yi dishi-dishi, har da ganyen da ƙwaron ke kai, hannun mai ɗauka ne ya motsa, sai ki ce ya dafe gwiwar hannunsa a jikinsa ko ya jingina da wani abu. In ganye ya fito tar amma fiffike ya yi hazo-hazo, ko dai ƙwaron ya kaɗa fiffike a daidai lokacin, ko idon kyamarar ya kama ganyen ya bar shi. In fiffiken kusa ya fito garau na nesa ya dushe, to a karkace aka ɗauka. Duk lokacin da aka matso kusa sosai, tazarar da ke fita garau takan ƙanƙance, don haka sai mai ɗauka ya durƙusa ya daidaita fuskar wayarsa da shimfiɗar fiffiken, kuma ya tabbata idon ƙwaron na cikin abin da ya fito. In farin fiffike ya ƙone, babu zane babu komai, ranar tsaka ce ta yi masa duka. Sai kuma bayan hoton: ledar ruwa da aka yar, ko wayar lantarki, ko bangon da aka yi wa rubutu, duk suna janye ido. Taku ɗaya zuwa dama ko hagu kan kawar da su. In kuma gefen hoton ya datse ƙaho ko wutsiyar fiffike, ki faɗa.

Da kin ce masa, "Launin ya yi kyau, amma ka ɗauka a karkace, gobe ka durƙusa," da kin yi sharhi. A nan ne karin maganar nan ke aiki, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Mutane na jefa ta bayan sun gama zagin mutum, don su wanke kansu. Ba haka take ba. Mai cewa gyara kayanka ya ga inda kayan suka karkace, ya nuna, kuma ba ya neman komai a ciki. Wanda bai nuna wurin ba, ba shi da ikon fakewa da ita.

Haka yabo. "Ya haɗu" ta cinye mana kalmomi goma. Tuwo ya haɗu, mota ta haɗu, hoto ya haɗu. Yabon gwani ya zama dole, gaskiya ne, amma a faɗi gwanintar: haƙurin jira ne, ko zaɓen haske, ko sanin inda ƙwaron ke sauka? Yaron da aka ce wa "ya haɗu" bai san abin da zai maimaita gobe ba.

Tambaya, daga Mile 12: Malam, wajen bayyana hoto na rubuta "mai kala-kala", wani ya ce ba Hausa ba ce.

Kala ta shigo ta zauna, ba zan kore ta ba, amma launi na nan da ransa. Abin da ke damuna shi ne kala-kala ba ta gaya mini komai. Wane launi? Bahaushe ya gina launukansa a kan abin da yake gani kullum: ruwan goro, ruwan ɗorawa, ruwan ƙwai, ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan hanta. Yana da kore, yana da tsanwa, yana da algashi. Yana da shuɗi daga shunin marina. Ja kuwa faɗi gare shi, ya ɗauki jini, ya ɗauki jar ƙasa, ya ɗauki jan mutum, don haka in ka ce malam-buɗe-littafi ja ne ba ka yi ƙarya ba, amma ba ka kai ni ko'ina ba. Ga kuma kalmomin zubi: roɗi-roɗi, dabbare-dabbare, ɗigo-ɗigo, ratsi-ratsi, wake-wake. Masu dawaki ba su taɓa cewa doki mai kala ba. Akawal ne, ko kili, ko bikili, ko danda. Ka je wajen dillalan shanu a Oko-Oba ko masu raguna a kasuwar dabbobi ka saurari yadda suke kwatanta dabba ɗaya a cikin garke har yaro ya je ya kamo ta ba kuskure. Wannan idon ne nake so masu hotonmu su aro.

Har rigar tsamiya da kakanninmu ke ji da ita, zarenta daga saƙar tsutsar wani faɗa-wuta ake samunsa, irin zaren da maƙwabtanmu Yarabawa ke kira sanyan suna saƙa tufafinsu na aso-oke da shi. Mun daɗe da sanin waɗannan halittu, har mun sa su a jiki.

Buƙatar kalmomin ba ƙarama ba ce. Torben Larsen, masanin nan ɗan Denmark, a littafinsa na 2005 ya tattara kusan iri 1,500 na malam-buɗe-littafi a Afirka ta Yamma, kuma fiye da 1,000 ana samunsu a Najeriya, musamman dazuzzukan Kuros Riba. Suna ɗaya muke kiransu da shi duka, saboda haka kwatance ne kaɗai zai raba mana su.

Alƙalai kuma su kula da abu biyu. Masu ƙara wa hoto launi da manhaja, ganye ne ke tona musu asiri, in koren ya wuce na halitta to an taɓa. Amma shuɗin da ke walƙiya a fiffike ba rini ba ne, tsarin ƙananan ɓawon fiffiken ne ke karya haske, yana kuma sauyawa da kusurwar da aka kalle shi. Mutum biyu za su ɗauki ƙwaro ɗaya, na wannan ya yi shuɗi, na wancan ya yi baƙi, ba wanda ya yi maguɗi.

Tambaya, daga Ijora: Malam, na sa wa hotona taken "kyan ɗan maciji". Ya dace?

Ya danganta da wanda ka ɗauka. Ana faɗar haka ga abin da ke da kyau a ido amma taɓa shi haɗari ne. In mai ruwan goron nan ne, mai baƙin gefen fiffike da fararen ɗigo, wanda tsutsarsa ke cin ganyen tumfafiya, to ka dace ƙwarai. Dafin tumfafiya na zama a jikinsa har ya girma, tsuntsun da ya ci shi ba ya marmarin sakewa, shi ya sa yake tashi a hankali ba ya gudun kowa. Akwai wani iri dabam da macensa ke kwaikwayon kamanninsa don tsuntsaye su ƙyale ta, alhali ba ta da wannan dafin. In ita ka ɗauka, taken bai hau ba.

Tambaya, daga Agege: Malam, wani ya kama ƙwaron ya sa a firji, da ya sandare ya ɗora shi a kan fure ya ɗauka. Ya ce ai ɗaukar hoto ce.

Kamu ne wannan. Sanyi na hana su tashi, gaskiya ne, amma riƙo da yatsa na goge garin fiffike, kuma ba ya dawowa. Alƙali ya duba shatin yatsa a fiffike, da ƙafafun da ba su riƙe furen ba. A ganina a fitar da irin wannan hoto. Mai son ƙwaro ya tsaya masa, ya sammaka, lokacin da suke shan hantsi kafin jikinsu ya yi ɗumi. A gandun Lekki da gidauniyar kare muhalli ta Najeriya, NCF, ta kafa a 1990, mai faɗin hekta 78, ana samun na kurmi a bakin hanyar katako. Wasu ba sa zuwa fure, ruɓaɓɓiyar ayaba ko mangwaro ke jawo su, mazan kuma sukan taru a jiƙaƙƙiyar ƙasa suna tsotsar gishiri. Kada dai inuwarka ta faɗa musu.

Tambaya, daga Mushin: Malam, har yanzu daidai ne a ce "wanke hoto", alhali babu fim babu ruwan magani?

Daidai ne, ɗan'uwa. Ka kai a wanke maka.