Kafin ka ci bashin sayen hita, je ka dubi launin wutarka

Wani mai kiwon kaji a Tudun Wadan Zariya ya rubuto cewa tun shigowar hunturu tukunyar gas mai kilo 12.5 ba ta daɗewa a ɗakin 'yan tsakinsa 500, ga mutuwa kusan kowace safiya. Ɗan yayansa ne ke kula da ɗakin, shi kuma yana shirin cin bashi ya ƙara hita biyu, ya kai tsaki 2,000 kafin Sallah.

Malam, ajiye maganar dubu biyu tukuna. A duk wasiƙarka ba ka faɗi kwana nawa tukunya ke yi ba, ba ka kuma faɗi launin wutar ba, wanda ya nuna mini cewa ka miƙa wa yaron nan mabuɗi ka koma kasuwa, kana jiran rahoto na baki. Zumunci ba ya koya wa mutum saita wuta.

Gas ba ya ci shi kaɗai. Kowane kilo ɗaya yana buƙatar iska kusan kilo 15 kafin ya ƙone sarai, kuma alamar hakan ita ce harshen wuta shuɗi mai tsayawa cak. Idan iska ta yi kaɗan, wutar takan koma ruwan ɗorawa, ta yi laushi, ta bar baƙi a jikin ƙarfe, sannan ta fitar da kabon monoksayid, gubar da ba ta da launi ko wari. Kabon, wato sinadarin da ke ƙonewa a cikin gas, idan ya tsaya a wannan mataki, bai ba da ko kashi ɗaya cikin uku na zafin da ke cikinsa ba, alhali kuɗinsa ka biya cif. Idan kuwa iska ta yi yawa, wutar takan yi ƙara tana tsalle daga bakin hitar, zafin ya bi iska ya tafi.

Na taɓa shiga ɗakin wata baiwar Allah a wajen Samaru, inda mai aikinta ya liƙe kowace taga da leda don tsoron sanyi, ƙurar hunturu kuma ta toshe ramukan iskar hitar. Na shafa murfin da yatsa, ya fito baƙi ƙirin. Ita kuwa har ta kashe kuɗi a kan maganin mura sau biyu, tana zargin masu ƙyanƙyasa.

Ka je da kanka da asuba, lokacin da sanyi ya fi tsanani, ka durƙusa ka dubi wutar. Ka sa a share ramukan iska, a buɗe kafa ta sama a jikin bango, a rataye ma'aunin zafi daidai tsayin tsaki, domin makon farko suna son kimanin digiri 32 zuwa 35. Sai ka ɗora tukunya a sikeli safe da yamma, ka rubuta nauyinta da adadin da suka mutu a littafi, da hannunka, ba da hannun ɗan yayanka ba. Bayan mako biyu ka aiko mini da shafukan, sannan mu yi maganar bashi.