Tunda muna da uraniyom a Arlit, mi ya hana mu yi namu bam?

Tambaya daga wani mai karatu a unguwar Zariya, Maraɗi: Malam barka da aiki. Jiya a fada gardama ta kaure, wani ya ce da uraniyom ɗinmu Faransa ta yi bama-bamanta, wani ya ce tunda yanzu gwamnati ta karɓe Somair, kamfanin haƙar uraniyom na Arlit, ai mu ma sai mu yi namu a ji tsoronmu. Wai wa ke hana ƙasa yin bam ɗin nukiliya, kuma da wane iko?

Amsa: Ɗan'uwa barkanmu dai. Abin da ake haƙowa a Arlit tun 1971, da wanda kamfanin Cominak ya haƙo a Akokan kafin a rufe shi a 2021, ba ya fashewa ko da ka jefa shi cikin wuta. Ana niƙa dutsen a jiƙa shi da asid, a fitar da wani gari mai ruwan ɗorawa, a ɗura a ganguna, a da kamiyo ke jan su har Kwatano daga nan jirgin ruwa ya wuce da su Faransa. To cikin garin nan uraniyom iri biyu ne a cakuɗe, wanda ake nema shi ne U-235, kuma bai wuce kashi 0.7 cikin 100 ba. Kamar a ba ka tiyar gero a ce cikin kowace ƙwaya 1000 akwai 7 da suka ɗan fi sauran rashin nauyi, launi ɗaya girma ɗaya, a ce ka ware su. Tashar kuran tana son a kai shi kashi 3 zuwa 5, bam kuwa wajen kashi 90. Ana yin wannan wariya da dubban injina masu juyawa da gudun tsiya, santirifij, kuma nan ne duk rigimar duniya take, abin da ake ta ja da Iran kenan shekara da shekaru.

Maganar wa ke hanawa, mu da kanmu muka sa hannu. Akwai yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya ta 1968 wadda ta fara aiki a 1970, Nijar ta shiga a 1992. Ta ce ƙasashe 5 da suka riga suka gwada bam, Amurka, Rasha, Ingila, Faransa da Sin, kar su ba kowa, saura kuma kar su nema, a madadin haka a taimaka musu da nukiliya ta zaman lafiya, kuran ne, maganin kansa ne, noma ne, su kuma manyan su yi ta rage nasu. Wannan alkawari na ƙarshe gaskiya ba su cika shi ba, duk wanda ya ce maka tsarin adalci ne tsantsa yaudararka yake. Indiya, Pakistan da Isra'ila ba su taɓa shiga ba, Koriya ta Arewa ta fice a 2003 ta gwada nata a 2006. Mu Afirka kuma muna da tamu daban, yarjejeniyar Pelindaba ta 1996 da ta haramta makamin a nahiyar baki ɗaya, kuma da dalili, don a Reggane cikin saharar Aljeriya Faransa ta gwada bam ɗinta na farko a Fabrairun 1960, nan bayan gidanmu. Afirka ta Kudu ma ta ƙera guda 6 ta kwance su da hannunta.

Mai sa ido ita ce AIEA, hukumar nukiliya ta duniya da ke Biyana. Ba ta da soja ko ɗaya, aikinta ƙirge ne da awo, su zo su liƙa hatimi su kafa kamara su goge ƙura da ɗan ƙyalle su kai ɗakin bincike, in lissafi bai fita ba su kai ƙara kwamitin sulhu, can ne takunkumi ke fitowa. Bayan an bankaɗo cinikin Abdul Qadeer Khan na Pakistan wanda ya sayar wa Libiya da Iran fasahar santirifij a ɓoye, kwamitin sulhu ya yi ƙuduri mai lamba 1540 a 2004, ya wajabta wa kowace ƙasa ta tsare iyakarta kar kayan nukiliya ko guba ko ƙwayar cuta su faɗa hannun ƴan ta'adda. Wato jami'in duwan da ke duba kaya a Ɗan Isa shi ma yana cikin aikin, ko ya sani ko bai sani ba.

Abin da ni ya fi damuna shi ne lissafin ganguna, don mun taɓa ganin abin da ƙarya ke iya yi da sunanmu. An fito da wasu takardu wai Nijar za ta sayar wa Saddam tan 500 na uraniyom. Amurka ta aiko tsohon jakadanta Joseph Wilson Yamai a 2002, ya koma ya ce da wuya hakan ta faru, amma duk da haka a Janairun 2003 Bush ya tsaya gaban majalisarsu ya ce Iraƙi na neman uraniyom a Afirka. A watan Maris ElBaradei shugaban AIEA na lokacin ya ce takardun jabu ne, har da sa hannun ministan wajen Nijar da ya bar kujera tun 1989. Bai yi sati 2 da faɗa ba aka afka wa Iraƙi.

Shi ya sa nake cewa sayar da uraniyom haƙƙinmu ne, wa muka ga dama, farashin da muka ga dama, babu dokar duniya da ta ce sai Orano, kamfanin Faransa. Sharaɗin kawai a san tan nawa ya fita, ina ya nufa, kuma mai sayen ya yarda a bi sawun kayan. Libiya ta sayi sama da tan 2000 daga nan tsakanin 1978 da 1981, kuma a 2023 sai da AIEA ta yi shelar ganguna 10 sun ɓace daga ma'ajiyarsu kafin a gano su, shekara 40 bayan ciniki.

Wanda ya ce da namu Faransa ta yi bam, na farkon dai a'a, don ta gwada shi shekara 11 kafin Arlit ta fara fitar da komai.